Ɗan Riƙo Ma Da Garinsu



A unguwar da na tashi akwai wata dattijuwa da duk muke kira Inna, alhali ba ta haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ban taɓa shiga gidanta na tarar da tabarmar yara a naɗe ba. 'Yar ƙaninta tana hannunta, ɗan kishiyarta da uwarsa ta rasu yana hannunta, ga kuma wani yaro da maigidanta ya dawo da shi daga fatauci a ƙasar Borno, bayan abokin cinikinsa, uban yaron, ya rasu. Yaron bai wuce shekara 5 ba da ya zo, ko "zo" ba ya ji da Hausa. Kafin damina biyu ta zagayo ya fi mu iya baƙar magana.

Muna samari, wata rana wani Babarbare mai sayar da hula ya tsaya a ƙofar gidan, ya ƙura wa tsagar fuskar yaron nan, wanda ya zama abokina, ido, sai ya gaishe shi da Barbarci. Abokina ya yi tsuru, ya rasa ta cewa. Mu muka fashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Da magariba ina zaune a tsakar gidan na ji ya ce, "Inna, wai wane gari ne garinmu?" Ta ce, "Nan ne garinku mana, ɗan nan. Me ka nema ka rasa?" Kuma gaskiyarta, bai rasa komai ba. Ita ta ci da shi, ita ta yi jinyarsa da ƙyanda ta kama shi, ita ta kai shi makaranta, daga baya ita ta haɗa masa lefe. Sai dai maigidan da ya san sunan ƙauyen ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba a taɓa rubuta sunan a ko'ina ba.

Maganar da nake so mu yi yau ke nan: yaron da yake hannun wanda bai haife shi ba, me ya kamata a adana masa na gidan da ya fito, kuma shi mai riƙon, wa yake tallafa masa?

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da wuya ka sami gidan da ba a taɓa yin ɗan riƙo ba. Ɗan fari, saboda alkunya, sau da yawa ana yaye shi ne a ɗakin kaka, kuma ya zauna ke nan. Macen da ba ta haihu ba, 'yan'uwa kan ɗauki ɗa su ba ta don kada ɗakinta ya yi shiru. Amarya kan tare da ƙanwarta ƙarama. Har suna muke da shi na yaron da mahaifi ko mahaifiya ta rasu ta bar shi aka tallafe shi, wato Talle. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda 'ya'ya suke zagayawa tsakanin ɗakunan dangi a ƙasar Zazzau, ita kanta Baba ba ta haihu ba amma ta yi riƙo. Abin da ya sa wancan riƙon bai cika raba yaro da asalinsa ba shi ne, a cikin dangi yake faruwa. Yaron ya san ɗakin uwarsa ko da ba a can yake kwana ba, ya san kabarin ubansa, ya san waye baffansa. Yau kuwa yaƙi da gudun hijira da talauci suna kai yara gidajen da ba su haɗa jini ba, ba su haɗa harshe ba, wani lokaci ba su haɗa addini ba. Dabarun da kakanninmu suka bar mana ba su tanadi wannan ba sosai, shi ya sa ya kamata mu leƙa wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan ruwa.

Ƙasar da ta fi kowa ɗanɗana abin ita ce Koriya ta Kudu. Bayan yaƙin da aka yi daga 1950 zuwa 1953, wani manomi Ba'amurke daga jihar Oregon mai suna Harry Holt ya je a 1955 ya ɗauko yara 8 ya kai gidansa. Daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarun da suka biyo baya an fitar da yara kusan 200,000 daga ƙasar zuwa Amurka da Faransa da Denmak da Suwidin da Norwe da sauransu, a shekarar 1985 kaɗai sun haura 8,000. Yawancin iyalan da suka karɓe su da zuciya ɗaya suka karɓa, kuma shawarar da aka saba ba su a lokacin ita ce su raɗa wa yaro sabon suna, su rene shi kamar su suka haife shi, a manta da baya. Wasu yaran sun yi fice. Fleur Pellerin, wadda aka haifa a birnin Seoul a 1973 aka kai ta Faransa tana jaririya, har ministar al'adun Faransa ta zama a 2014. To amma da wannan zuri'a ta girma, sai ga dubbansu suna sauka a filin jirgin Seoul, fuskarsu ta 'yan gari, bakinsu na baƙi, suna riƙe da takarda ɗaya ko biyu suna neman wadda ta haife su. Da yawa sun tarar takardar ma ƙarya ce. Mutum 367 daga cikinsu suka kai ƙorafi gaban hukumar bin diddigin gaskiya da sulhu ta ƙasar, kuma a watan Maris na 2025 hukumar ta tabbatar da cewa an riƙa rubuta yara a matsayin marayu alhali iyayensu na raye, an riƙa musanya sunan wannan yaro da na wancan, kuma gwamnati tana da alhaki domin ta kau da kai.

Ku lura da wani abu a nan. Da yawa daga cikin masu wannan nema ba kukan yunwa suke yi ba, ba kuma tsine wa iyayen da suka rene su suke yi ba. Wasu ma tare da iyayen riƙon suke hawa jirgi. Tambayar abokina ce dai suke yi, wane gari ne garinmu.

Turawa sun ɗauki darasi, gwargwado. Yanzu iyalan da suka ɗauki yaro daga wata ƙasa sukan bar masa sunansa na yanka ko su haɗa da sabo, su kai shi sansanin hutu inda zai haɗu da yara irinsa, su sa shi ajin koyon harshen iyayensa, su tara kuɗi don kai shi ganin gida. A Ingila ana haɗa wa yaron da za a bayar riƙo wani littafi na tarihin rayuwarsa, da hotuna da sunayen wuraren da ya zauna, kuma dokar 1975 ta ba shi damar ganin takardar haihuwarsa ta asali idan ya cika shekara 18. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye, ta kuma buƙaci a yi la'akari da ƙabilarsa da addininsa da al'adarsa da harshensa. Ni dai inda nake da ja shi ne inda abin ya koma ado. A dafa wa yaro abincin ƙasarsu sau ɗaya a shekara, a ɗinka masa kayan gargajiya a ɗauki hoto, a ce an kiyaye masa al'ada. Tuwo da tufafi suna da daɗi, amma yaro yana gane asalinsa ne a bakin mutane, wato wanda zai kira shi da sunan kakansa, ya ce masa tafiyarka irin ta ubanka ce.

Akwai kuma darasin da ya faru kusa da mu. A watan Oktoba na 2007 hukumomin Chadi suka tsayar da wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeche, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne. Da aka bincika sai aka tarar yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko wani babba da yake riƙe da su. An yaudari iyayen da alƙawarin makaranta, har an naɗa wa wasu yaran bandeji don a ɗauka marasa lafiya ne. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum 6 ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. A can Faransa kuwa akwai iyalai da suka biya kuɗi suka taru a filin jirgi suna jira, sun yi imani ceton rai suke yi. Kafin mutum ya ce ya ɗauki maraya, sai ya fara tabbatarwa marayan ne, kuma babu gwaggo ko kawu da za su iya riƙe shi da an ɗan agaza musu.

Na san wasu masu sauraro suna gyaɗa kai suna cewa ai halin Turawa ke nan. To mu dawo gida.

A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Onitsha a jihar Anambra. Wannan sata ce tsagwaronta, ba riƙo ba, kuma laifin na waɗanda suka aikata ne, ba na wata ƙabila ba. Amma ku tuna abin da ya fi ƙona mana rai a lokacin. An dawo da yaran da ƙoshin lafiya, ba a ce an bar su da yunwa ba, sai dai an canza musu suna, an canza musu addini, wasunsu Hausar ma ta gudu daga bakinsu. Uwa ta tsaya gaban ɗanta sai da tafinta. Duk wanda ya ji zafin wannan a ransa ya riga ya fahimci sharhin yau, saura ya juya madubin ya kalli kansa.

Tun daga 2009 rikicin arewa maso gabas ya mayar da dubun dubatar yara marayu a Borno da Yobe da Adamawa, har da yankin Diffa a Nijar. Daga baya ta'addancin daji ya ƙara nasa a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Yara da yawa sun shigo gidajen Hausawa a Kano da Kaduna da Bauchi da Gombe, kuma Allah Ya saka wa waɗanda suka buɗe ƙofa. To amma yaron nan wataƙila Babarbare ne, ko Margi, ko Babur, ko Shuwa, ko Bafillace, ko ɗan ɗaya daga ƙananan harsunan duwatsun Gwoza. Mu Hausawa ba mu cika lura da ƙarfin harshenmu ba, domin a cikinsa muke iyo. Hausa ba ta tilasta wa kowa, haɗiyewa take yi a hankali, a kasuwa da makarantar allo da filin ƙwallo. Garuruwa sukutum a Bauchi da Filato da kudancin Borno sun wayi gari jikokinsu ba sa jin yaren kakanni. Idan ta iya yi wa gari haka, ina ga yaro ɗaya tilo mai shekara 4 a tsakar gidan da kowa Hausa yake yi? Babu mugun nufi a ciki, Inna ma ba ta da shi. Amma sakamakon ɗaya ne da na yaran Koriya, mutum ya girma da tsaga a fuska wadda shi kansa bai iya karanta ta ba, Bafillace ya tsokane shi da wasan Barebari da Fulani ya ɗauka zaginsa aka yi.

Batun addini ya fi nauyi, kuma ba zan kewaye shi ba. Yaron da iyayensa Kirista ne ya faɗo hannun Musulmi, ko na Musulmi ya faɗo hannun Kirista, abu na farko shi ne a nemi danginsa da mutanensa da gaske, ba neman ganin ido ba. Mudun da muka so a auna mana da shi a 2019, da shi za mu auna wa wasu.

Abin mamaki, ba ma buƙatar zuwa Ingila neman wannan ƙa'ida. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi a ƙauyen Banu Sa'ad, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, sannan baffansa Abu Ɗalib. Shi ma ya yi riƙo. Zaidu ɗan Harisa, daga ƙabilar Kalb, an kama shi yana yaro aka sayar, ya shigo gidan Nana Khadija. Da mahaifinsa da baffansa suka ji labarin inda yake, suka zo Makka da kuɗin fansa, ba a ɓoye musu shi ba, ba a ce sun yi kuskuren gida ba. Aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama. Shekara da shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzabi suka sauka suka yi umarni a riƙa jingina ɗan riƙo ga ubansa na jini. Mutane kan karanta wannan su tsaya a kan cewa Musulunci ya hana mayar da ɗan wani naka. Haka ne, amma a duba me aka cire, me aka bari. Zaidu bai bar gidan ba, ƙaunar da ake yi masa ba ta ragu ba, shi ya jagoranci runduna a Mu'uta, ɗansa Usama ya tashi a matsayin ɗan gida. Sunan ubansa kawai aka mayar masa. Ayar ma ta yi tanadin wanda ba a san ubansa ba, ta ce ɗan'uwa ne a addini. Wanda ke kiran yaron da aka tsinta da mummunan sunan nan da ba zan faɗa a rediyo ba, ya koma ya sake karatu.

Yanzu sai tambayar da ta fi damun masu riƙo, a faɗa wa yaro ko a rufe? Na san gidajen da aka rantsar da kowa kada a faɗa. Tausayi ne ya kawo haka, amma a ƙasar Hausa wannan sirri ba ya kwana lafiya. Rana biyu ce take tona shi, ranar neman aure da ranar rabon gado. Dangin yarinya za su yi bincike, za su tambayi ɗan waye, wata tsohuwa a layin baya za ta faɗi abin da ta sani. Ko kuma maigida ya faɗi ya mutu, malami ya zauna rabon gado, a lissafa 'ya'ya a tsallake mutum ɗaya yana zaune a kan tabarma, gemunsa ya fara furfura. Idan bai ji a waɗannan ranaku ba, zai ji a bakin yaron maƙwabta ranar da suka yi faɗa, ta hanyar gori. Gara ya ji daga bakin wadda ta goya shi, tun yana ƙarami, kaɗan-kaɗan daidai hankalinsa, a ce masa kana da uwa biyu, ɗaya ta haife ka, ɗaya ta riƙe ka. Yaron da ya tashi da wannan magana a kunnensa, gori ba ya kama shi sosai.

Shari'a kuma ba ta bar shi hannu rabbana ba, mu ne muke sakaci. Ɗan riƙo ba ya gado, amma mutum yana da ikon yin wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba, yana kuma da ikon yin kyauta tun yana raye, a rubuta, a sa shaidu, a damƙa. Jaririn da aka shayar a cikin shekara 2 na farko ya zama muharramin gidan. Malaman Malikiyya sun lissafa mariƙi cikin masu iya waliccin yarinya idan babu danginta na kusa. Duk ƙofofin nan a buɗe suke, sai mutum ya yi ta cewa gobe, har goben ta zo ba ya nan.

Bari in juya ga masu riƙon kansu, domin su ne aka fi mantawa da su. Muna da karin magana mai ciwo, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Da irin wannan ake karya wa mace gwiwa tun ba ta fara ba. Mariƙiya tana tsaka mai wuya. Ta tsawata wa yaro, a ce ai ba ita ta haifa ba, ba ta san zafinsa ba. Ta ƙyale shi, a ce ta sangarta ɗan mutane don ba nata ba ne. Yaron da ya ga an kashe ubansa a gabansa zai yi fitsarin kwance yana shekara 10, zai ɓoye tuwo a ƙarƙashin matashi, zai firgita da ƙarar babur, maƙwabta su ce aljanu ne ko baƙin hali, alhali tsoro ne bai gama fita daga jikinsa ba. Wa ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayanin wannan? Ga dangin da za su ɓace shekara 15, ko sabulu ba su aiko ba, ranar da manemi ya fito sai ga baffanni sun cika zaure suna tambayar sadaki. Ba kuma zan rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba, akwai gidajen da 'yar riƙo ita ce mai wanke-wanke da talla, 'ya'yan gida na makaranta, kwanonta ma daban. Dukansu biyun tushensu ɗaya, an miƙa yaro an juya baya, babu mai leƙowa ya taimaka, babu mai leƙowa ya tsawata.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin wani mutum, Abu Jamila, da ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar. Halifa bai ce masa Allah Ya ba da lada ya sallame shi ba. Sai da ya tambaye shi dalilin ɗaukar yaron, sai da shugaban jama'arsa, kamar mai unguwa a wajenmu, ya shaidi cewa mutumin kirki ne, sannan ya bar masa yaron, ya ce ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Bincike kafin a bayar, tallafi bayan an bayar. A Birtaniya a yau wanda ya ɗauki yaro riƙo yana iya samun hutun aiki har na mako 52, ana biyansa a 39 daga ciki. Mu da muke da wannan hukunci na Umar a littafin da ake karantawa a zaurukanmu, me ya hana hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu su ware kaso na musamman ga gidajen da ke riƙon marayu, kuɗin makaranta da na asibiti? Mun fi son mu kai buhun shinkafa gidan marayu da azumi a ɗauki hoto, alhali bazawarar da ke riƙe da 'ya'yan ƙaninta 4 a bayan layinmu ba ta taɓa ganin mudu ɗaya ba. A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makaranta a 2007 wadda take karɓar marayun ɓangarorin rikicin duka, yana kuma tallafa wa iyayensu mata da sana'a, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Hikimar da na gani a aikinsa ita ce, idan aka ɗaga uwar, yaron ba sai ya bar garinsu ba.

Wanda kuma yaro ya riga ya shigo hannunsa, akwai aikin da ba ya buƙatar gwamnati. A sayi littafin rubutu guda ɗaya, irin na 'yan firamare. A rubuta sunan yaron na yanka, sunan ubansa da kakansa, sunan mahaifiyarsa, ƙauyensu da gundumarsu, yaren da suke yi, wanda ya kawo shi, da ranar da ya zo. Idan tsintarsa aka yi, a rubuta wurin da ranar da kayan da ke jikinsa, a ajiye zanen da aka naɗe shi da shi, kada a yar. A kai maganar gaban mai unguwa da ofishin jin daɗin jama'a, a yi masa takardar haihuwa da sunan gaskiya. Yau abin zai yi kama da ɓata lokaci, bayan shekara 20 wannan littafi zai fi gona daraja a wajensa. Sannan zumunta a ƙafa take. Babu babban garin Hausa da ba shi da Barebari ko Fulani ko mutanen kudancin Borno, da shugabanninsu da bukukuwansu. A riƙa kai yaron yana gaishe su, ya ji harshen yana fita daga bakin manya, ya ci burabusko a gidan da aka iya shi. Idan hanya ta yi kyau a kai shi ya ga garin, ya ga kabarin. Wasu masu riƙo suna tsoron idan ya san mutanensa zai guje su. Zaidu ya ga ubansa ido da ido, kuma ya zauna. Idan ma yaron ya girma ya ce shi ba ya son tono, nan ne gidansu, to a ƙyale shi, littafin na nan a akwati har ranar da shi ko 'ya'yansa za su nema.

Abokin nan nawa yanzu yana da jikoki. Shi ya riƙe Inna har ta rasu a ɗakin da ya gina mata, shi ya shiga kabarinta. Sau biyu yana zuwa Borno neman ƙauyen, yana nuna wa dattawa tsagarsa, kowa ya ce ta mutanen yanki kaza ce, amma yankin ƙauyuka ne barkatai, wasu ma rikici ya tashe su. Kwanakin baya na ziyarce shi na tarar ya sa wani ɗalibi Babarbare da ke haya a gidansa yana koya wa jikokin gaisuwa. Ƙaramar cikinsu ta rugo ta tare ni a zaure ta ce, "Kaka, wushe!" Na dubi abokina in ji ko daidai ta faɗa. Ya ce shi ma a wajenta yake koya.